Hoya a Yamai: yadda ake gane ta, da yadda ake raya ta har ta yi fure

Hoyata ta farko da hannuna na kashe ta, kuma da ruwa. Na saye ta wurin wani dattijo cikin masu sayar da shuke-shuke a bakin kogin Isa, tana cikin baƙar leda, ganyenta shida kacal. Na tambaye shi sunanta, ya ce, "Ɗiyata, mu dai mai kaurin ganye muke ce mata. Ba ta da rigima." Na kai ta gida, na cika tukunya da ƙasar lambu da takin shanu, na jera ta da na'ana'a da ɗoɗɗoya, duk wanda ya sha ruwa safe da yamma ita ma sai ta sha. Bayan wata guda ganyen ya fara yamushewa. Na ce ƙishi ne, na ƙara ruwa. Ranar da na tumɓuke ta, saiwar ta zama kamar jiƙaƙƙen zare, kana ja ɓawon yana zamewa a yatsa.

Laifin ba na dattijo ba ne. Ban san wace ce na kawo gida ba.

Hoya shuka ce mai yaɗo, ƴar dazuzzukan Asiya masu ruwa da zafi: Indiya, kudancin Sin, Tailan, Filifin, Indunusiya, har Niu Gini da arewacin Ostareliya. Irinta ya haura 500. Wani masanin tsirrai ɗan Sikotlan, Robert Brown, shi ya raɗa mata suna a 1810 don girmama Thomas Hoy, mai kula da lambun wani basarake a gidan Syon kusa da Landan. Faransawa kan ce mata furen tangaran, wasu kuma furen kakin zuma, saboda furen kamar an ƙera shi ne da hannu. A can gida yawancin hoya ba a ƙasa suke zaune ba. Bisa itace suke, saiwarsu maƙale a ɓawo da ruɓaɓɓen ganyen da ya taru a gwafar reshe. Ba kamar kauci ba, wanda ke tsotsar bishiya. Ita wurin zama kawai ta ara. Ruwan sama ya zubo ya jiƙa ta, cikin ɗan lokaci ya tsiyaye, iska ta shiga. Duk abin da zan faɗa nan gaba daga wannan ya taso.

Abin da ya fi ba ni dariya shi ne da na gano danginta a bayan gidanmu suke. Tumfafiya, fataka da yaɗiya duk gida ɗaya suka fito da hoya. Ka tsinko furen tumfafiya ka duba: tauraro mai kai biyar, a tsakiyarsa wani ɗan kambi. Wanda ya san wannan furen ba zai ɓata na hoya ba.

Gane ta tun a wurin mai sayarwa

Kama da wane ba ta wane. Akwai shuke-shuke da yawa masu yaɗo da ganye mai sheƙi, kuma ba safai ake samun hoya da fure a wurin saye ba, don haka da ganye da kara za ka yi aiki.

Fara da zaman ganyen. Na hoya bibbiyu yake fitowa, ɗaya yana fuskantar ɗaya a gaɓa guda. In ka ga ganye ɗaya nan, ɗaya can sama a ɗaya gefen, kamar na yaɗon nan da ake sawa a kwalba a ofisoshi, to ba ita ba ce. Sannan ka taɓa: yana da kauri da santsi, ba ya lanƙwasuwa da sauƙi. Ka bi karan da ido, za ka ga ƴan ƙuraje ko gajerun saiwoyi busassu a jikinsa, da su take kama itace. Sau da yawa kuma akwai wani dogon reshe siriri tsirara, ba ganye ko ɗaya, yana lilo yana neman abin kamawa. Mutane kan ɗauka cuta ce. Lafiya ce.

Batun nono kuwa kada ya ruɗe ka. Yawancin hoya in an karya ganye farin nono ke fita kamar na tumfafiya, amma wadda ta fi yawa a hannun mutane, Hoya carnosa, ruwanta garai yake. Kowanne ne, ka wanke hannu, kada ya shiga ido.

In ka tabbatar hoya ce, saura wace iri. Carnosa ganyenta kamar ƙwai mai ɗan tsini, kore shar, wani lokaci da ɗigo-ɗigon azurfa kamar an yayyafa masa toka. Ɗigon nan ba ƙwaro ba ne, kada ka kankare. Tana da ƴaƴa da aka fitar: mai farin baki da koren ciki ana ce mata Krimson Queen, mai farin ciki da koren baki kuma Krimson Princess, sai Compacta wadda ganyenta ya nannaɗe ya cure kamar tufkar igiya. Hoya pubicalyx, ƴar Filifin, ganyenta ya fi tsawo da siranta, ɗigonta ya fi yawa, kuma ta fi su saurin girma. Hoya australis ganyenta ya fi faɗi da laushi, sabon toho ja-ja yake fitowa. Hoya obovata kewayayye ne kamar bakin kofi. Hoya kerrii ba ta ɓuya: ganyenta siffar zuciya, kauri kamar tafin takalmi.

A kan kerrii akwai tarko. Ana sayar da ganye ɗaya tak a ƙaramar tukunya, musamman wajen 14 ga Fabrairu, ranar masoya. Ganyen zai yi saiwa, zai zauna kore shekara da shekaru, amma in ba a yanko shi da guntun kara mai gaɓa ba, da wuya ya fid da reshe. Ka tona gindin kaɗan da yatsa ka gani kafin ka biya.

Ra'ayina ga mazaunin Yamai ko Tawa: ka tsaya kan masu kaurin ganye, wato carnosa, pubicalyx, australis, obovata da kerrii. Irin su Hoya linearis, Hoya serpens da Hoya bella daga gefen tsaunukan Himalaya suke, inda ake da sanyi da raɓa. A hoto suna ɗaukar ido, amma watan Afrilu ɗaya ya ishe su. Masu farin ganye ma sun fi koraye saurin ƙonewa. Ka fara da koriya, in hannunka ya faɗa sai ka ƙaro.

Kafin ka miƙa kuɗi, juya ganye ka duba bayansa da hammatar kowace gaɓa. In ka ga wani abu fari kamar ɓarɓashin auduga, ajiye ta.

Tukunya da abin da ake zubawa

Nan ne rai da mutuwa suke. Ƙasar da masu sayarwa ke cika leda da ita, laka ce da yashi da taki, ta dace da mangwaro da lemu, ba ta dace da hoya ba. Ka bar sabuwar shuka ta huta mako biyu a inuwa, sannan ka yaga ledar, ka jiƙa dunƙulen a bokiti har lakar ta saki da kanta. Kada ka fizge.

Ga haɗin da nake yi, da gwangwanin tumatir nake awo. Gwangwani biyu na ɓawon kwakwa, wato zaren nan na waje da masu sayar da kwakwa ke zubarwa, a yanka shi gutsi-gutsi kamar girman dabino. Gwangwani ɗaya na gawayi, a farfasa kamar girman ƙwayar gyaɗa, a tankaɗe garin a zubar. Toka kuwa ko kusa. Gwangwani ɗaya na fasasshen kasko ko tsakuwar marmara. Sai gwangwani ɗaya na ruɓaɓɓen ganye da ya zama baƙi, wanda ba ya wari. Ɓawon kwakwar sai an jiƙa shi kwana uku ana sake ruwa kullum, don yakan zo da gishiri. In kwakwa ta yi wuya, tsohon ɓawon gyaɗa ko ɓuntun shinkafa da aka ɗan babbaka suna iya tsayawa a madadinta, sai dai sun fi saurin ruɓewa.

Gwajin ba wuya. Ka jiƙa haɗin ka damƙa a hannu, in ka buɗe ya watse, ya yi. In ya cure kamar fura, ƙara gawayi da tsakuwa. In ka zuba ruwa a tukunya, kafin ka ƙirga goma ya kamata ka ga yana fita ta ƙasa.

Tukunyar ƙasa ta fi ta roba a garin nan, don tana numfashi tana sanyaya saiwa kamar yadda randa ke sanyaya ruwa. Baƙar roba kuwa da rana ta taɓa ta sai ta zama murhu. Irin tukwanen da matan ƙauyen Bubon, kusa da Yamai, ke ginawa sun wadatar, illa dai a huda gindi, huda babba ko uku ƙanana. Kuma ƙarama za ka nema. Hoya ta fi son matsi; tazarar yatsa biyu tsakanin saiwa da bangon tukunya ta isa. Babbar tukunya ruwa take riƙewa inda saiwa ba ta kai ba, daga nan ruɓa ke farawa. Sai bayan shekara biyu ko uku ake sake mata wuri, a farkon damina.

Kada tukunyar ta zauna a ƙasa kai tsaye. Gara na son ɓawon kwakwa kamar me. Ka rataye ta, ko ka ɗora bisa tebur ko bulo. Ga mai akuya a gida kuma ba sai na yi bayani ba.

Abin da za ta hau: zoben waya mai kauri, irin wadda ake samu a kasuwar Katako, ko ƴan sandunan gora. In waya ce ka naɗe ta da igiya, don ƙarfe tsirara yana ƙona toho a bazara. Ka lura ta wane gefe reshen ke naɗewa da kansa ka bi shi. In ka juya shi ta ɗaya gefen zai warware.

Inda za ta zauna

Abin da za ka karanta a intanet shi ne a sa ta a tagar da ta fi samun rana. Wanda ya rubuta haka yana ƙasar da rana baƙuwa ce. Mu nan a Afrilu da Mayu zafi yana wuce digiri 40 kusan kullum, hoya kuwa daɗinta tsakanin 18 da 30 yake. Abin da take so shi ne haske mai yawa ba tare da rana ta dafa ta ba: barandar da ke kallon gabas, inda hantsi zai taɓa ta zuwa ƙarfe tara ya wuce, ko ƙarƙashin bedi ko mangwaro, inda rana ke ratsowa ɗigo-ɗigo, ko rumfar zana. Rumfar kwano tanda ce, sai in tana da tsawo kuma iska na ratsawa. Bangon yamma ma ka nisance shi, yana riƙe zafi har bayan isha'i.

Ganyen zai gaya maka ko wurin ya yi. In ya yi fari-fari sannan tabo mai ruwan ƙasa ya bayyana, ƙuna ce, kuma ba ta warkewa, sai dai sabon ganye. In ya ɗan yi ja a baki, hasken ya kai iyaka, kada ka ƙara. In kuwa kore ne duhu, gaɓoɓi sun yi nisa da juna, shekara ta zagayo ba labari, duhu ya yi mata yawa. A cikin ɗaki, dab da taga take so, ba bisa talabijin a lungu ba, kuma ba a saitin iskar na'urar sanyaya ɗaki ba.

Ruwa

Ba a ba hoya ruwa da kalanda. Ka nemi tsinken tsire mai tsabta ka soka har gindin tukunya, ka bar shi ɗan lokaci ka zaro. In ya fito da danshi da sanyi, ka bari. In ya fito a bushe, ka shayar da ita sosai, ruwa ya ratsa ko'ina ya fita ta ƙasa, ka zubar da wanda ya taru a faranti. Ƴar yayyafa a kai kullum ita ce mafi muni: sama a jiƙe, ƙasa a bushe.

Akwai gwaji na biyu. Ka kama tsohon ganye na kusa da gindi ka ɗan lanƙwasa. Mai ƙoshi yana da tauri, yana turjewa. Mai ƙishi yana da laushi, bayansa da ƴan tamoji. Amma nan ne na faɗi a karon farko, don yamushewar ganye magana biyu take yi. Ko dai ba ruwa a tukunya, ko kuma ruwa ya yi yawa har saiwa ta ruɓe ta kasa sha. Bambancin: in ka shayar da ita, cikin kwana biyu ganyen ƙishi zai cika ya yi tauri. In bai cika ba alhali tukunya na da danshi, kada ka ƙara ko ɗigo. Zazzage ta ka duba. Saiwa mai rai fara ce ko ruwan ƙasa mai haske, tana da ƙarfi. In duk ta tafi, yanke rassan da ke da rai ka dasa su sabo, kamar yadda zan faɗa a ƙasa.

A gidana, da tukunyar ƙasa da wannan haɗin, ga yadda abin kan kasance. A bazara, daga Maris zuwa saukar ruwa, kwana uku zuwa huɗu. A damina mako guda ko fiye, kuma ina janye su daga inda indararo ke zuba. Ruwan sama yana yi musu daɗi, amma kwana uku a jere cikin ruwan Agusta ya yi yawa. Lokacin ɗari girma yana tsayawa, sai dai iskar hunturu tana busar da tukunya, don haka tsinken tsire ne alƙali. A Tawa, inda iska ta fi ƙarfi kuma daren Janairu ya fi na Yamai sanyi, gara a shigar da su ɗaki da dare; ƙasa da digiri 10 yana yi musu illa.

Ba a san maci tuwo ba sai miya ta ƙare, kuma miyar hoya a Afrilu take ƙarewa. Ruwan pampo da rana yakan fito da zafi kamar na shayi, to a tara shi tun dare ya huce, a shayar da asuba ko bayan magariba. Dabarar da ta fi yi mini amfani ita ce tukunya cikin tukunya, irin wadda ake sanyaya tumatir da ita: ka sa tukunyar hoya cikin wata babba, ka cika tsakaninsu da yashi, kana jiƙa yashin kawai. Saiwa na samun sanyi, ganye na samun ɗan danshi, ba tare da ruwa ya kwanta a ciki ba. Babbar ma sai da huda. Tara tukwanen wuri ɗaya kusa da randa shi ma yana taimakawa. A wannan watan kada ka sa ran sabon ganye. In ta tsaya da ranta ta biya.

Ruwan da na'urar sanyaya ɗaki ke ɗigarwa yana da kyau, ba gishiri a cikinsa. In kuwa da ruwan rijiya kake aiki ka ga farin kanwa-kanwa a bakin tukunya, ka riƙa kwarara ruwa mai yawa sau ɗaya a wata ya wanke. Ƙurar hunturu kuma a goge ta da jiƙaƙƙen tsumma. Wata maƙwabciyata man gyaɗa take shafa wa nata don ya yi ƙyalli. Ƙura ta manne, ganyen ya toshe.

Taki kaɗan ne. Ƙaramin cokalin shayi ɗaya na takin zamani 15-15-15 a bokitin lita 10, a bar shi ya narke, sau ɗaya a wata daga Yuni zuwa Oktoba, kuma bayan an riga an jiƙa tukunya. Kada a barbaɗa ƙwayar a gindi, kada a sa ɗanyen kashin kaji.

Ƙwari

Babban abokin gaba shi ne farin ƙwaron nan mai kama da auduga. Yana ɓuya a hammatar ganye, a Compacta kuwa cikin naɗin, inda ido ba ya kai wa. Ka sayi alkol mai digiri 70 a famasi, ka jiƙa auduga a tsinke ka bi su ɗaya-ɗaya. Sannan feshin ruwan sabulu mara ƙarfi, ko ruwan dakakken ƴaƴan bedi da ya kwana aka tace, da yamma, sau ɗaya a mako har sau uku ko huɗu, don ƙwai na ƙyanƙyashewa a baya. In ka ga tururuwa na hawa da sauka, bi sawunta, kiwon su take yi. Akwai kuma rawayar darɓa, ita ce dai wadda ke cika tohon tumfafiya. Ta san dangi, takan zo kan sabon reshe da fure. Ruwa mai ƙarfi da sabulu ya ishe ta.

Dasa reshe

Yuli da Agusta ne lokacinsa, sa'ad da iska ke da laima. Ka zaɓi reshen da ya ƙosa, ba sabon toho ba. Da sabuwar reza ka yanko guntu mai gaɓa biyu, ƙasa da gaɓar kaɗan. Cire ganyen gaɓar ƙasa, ka bar na sama. Ajiye shi a inuwa ƴan sa'o'i bakin yankan ya bushe. Sai ka soka shi a ƙaramar tukunya mai haɗin nan, gaɓar ƙasa ta nutse, ka tokare shi da tsinke kada ya motsa. Yanke gindin gorar ruwa ta roba ka kifa a kai, murfin a buɗe, ka ajiye a inuwa mai haske. A nan danshi ake so kullum, ba jagwab ba. Cikin mako uku zuwa shida, in ka ɗan ja ka ji ya riƙe, saiwa ta fito. Sai ka riƙa ɗage gorar kaɗan-kaɗan har ya saba. Ana iya sa shi a kofin ruwa ma, ana sake ruwan duk kwana biyu, a mayar tukunya in saiwa ta kai tsawon gaɓar yatsa biyu. Ni nakan haɗa guntaye uku a tukunya ɗaya don ta cika da wuri.

Fure

Daga yanka zuwa fure, shekara biyu ko uku, wani lokaci fiye. Sharuɗɗan su ne waɗanda aka riga aka faɗa: haske isasshe, tukunya matsattsiya, reshe ya yi tsawo. Dogon reshen nan tsirara kada ka datse shi, a kansa ganye da fure ke fitowa daga baya.

Wata rana za ka ga ɗan tsinke ya fito daga gefen gaɓa, kansa da ƴan ƙwayoyi kamar gero. Mariƙin fure ke nan. Daga ranar kada ka ɗaga tukunyar, kada ka juya ta, kada ka bari ta bushe ƙarau, in ba haka ba ƙwayoyin su kakkaɓe. Cikin ƴan makonni za su kumbura su zama kamar maɓallai masu kusurwa biyar, sannan su buɗe kusan tare, ashirin ko fiye a curi ɗaya kamar laima. A carnosa kowanne farin tauraro ne mai ɗan ja-ja da laushin gashi, a tsakiyarsa wani ƙarami mai sheƙi da jan ido. Da rana ba ka jin komai. Bayan magariba ne ƙanshin ke tashi. Ta farko da ta buɗe a gidana, gwaggona ta fito alwalar isha'i ta tsaya a tsakar gida ta ce, "Ke, wa ya sa turare a waje?" Furen yana ɗigar da zuma mai danƙo, na kerrii ma ja-ja ne yana ɓata tufa, don haka a sa faranti a ƙasa.

Bayan kamar mako guda furen zai zube, ya bar mariƙin tsirara, ɗan guntu mai kaushi kamar busasshen tsinke. Kada ka cire shi. A kan wannan mariƙin take sake yin fure, shekara bayan shekara, yana ƙara tsawo kaɗan duk zuwa. Na taɓa dawowa daga aiki na tarar ƙanena ya yi mini gyara da almakashi, ya share duk "busassun" har guda biyar, yana jiran godiya. Sai da ta shekara biyu kafin ta fid da wasu. Tun daga ranar kowane mariƙi jan zare nake ɗaura masa, kuma kowa a gidan ya san abin da ke da jan zare ba a taɓa shi.